Layi na Bakwai, Rami na Talatin da Ɗaya

Abu ɗaya mahaifiyar Boram ta roƙe ta ranar da ta raka ta tashar mota a Mungyeong, garinsu a Koriya. Ba ta ce ta sayo mata rigar gashin akuya ba, yadda iyayen sauran ɗalibai suka yi ta jaddada wa 'ya'yansu. Wata 'yar takarda ta cusa mata a aljihun rigar sanyi, an rubuta layi na bakwai, rami na talatin da ɗaya. Ta ce in ta isa Mongoliya ta nemo itacen Taegon, ta ɗauko mata hotonsa ta ga yadda ya girma.

Taegon yayan Boram ne. Shekara uku da suka wuce babbar mota ta take shi a kan babur ɗin kai wa mutane abinci, yana da shekara ashirin da biyu. Ba shi da kabari, ƙone gawarsa aka yi. Tokarsa na cikin wani ɗan tulu a bayan gilashi, a hawa na uku na wani gini da uwar ba ta son shiga. A watan da ya rasu aka kawo sanarwa cocinsu cewa ana dasa itatuwa a bakin hamadar Mongoliya don tare ƙurar da ke tasowa ta rufe biranen Koriya, kuma duk mai son a sa sunan wani nasa a jikin itace ya ba da suna. Ta ba da na Taegon. Ranar Ista, idin Kirista na tashi daga matattu, aka aiko mata da hoton wani siririn dashe da ɗan allon ƙarfe a wuyansa, ta manna shi a jikin firij. Matar da ta yi shekara talatin tana ƙwadago a gonakin tuffa na mutane, ba ta taɓa mallakar itace ko ɗaya ba sai wannan. Duk safiya sai ta tsaya gaban firij ta auna tsawonsa da hannu a iska, ta ce bana ya kai ƙugu, baɗi zai kai kafaɗa.

Don haka da Boram ta ga jami'arsu na neman ɗalibai da za su yi zango guda a can, ba ta yi shawara da kowa ba ta sa sunanta.

Su goma sha takwas ne, daga jami'o'in mishan daban-daban, wata huɗu za su yi, darasin kuwa sunansa kula da halittar Allah. An kama musu hawan sama na wani coci a Ulaanbaatar, babban birnin Mongoliya. Ƙarfe biyar a tashe su addu'ar asuba, bayan karin kumallo a shiga aji. Wanka sau ɗaya a kwana uku, da bokiti ɗaya, don a ji abin da matalauta ke ji, ko da yake matalautan da ke ƙasan benen ba su san ana ji musu ba. Duk wanda ya rage shinkafa a kwano sai a ɗora ta a sikeli a rubuta sunansa a bango. Kowa na da littafin da zai rubuta abin da Ubangiji ya nuna masa a ranar, kuma ana ba da maki a kai, shi ya sa Ubangiji bai taɓa fashin nuna wa kowa wani abu ba.

Ran Juma'a ake fita gani da ido. An kai su wani tafki da ya ƙafe, an kai su unguwannin da hayaƙin gawayi ke shaƙe jarirai, an kai su inda masu haƙar zinariya suka farke cikin kogi suka tafi. Ko'ina aka je tsarin ɗaya ne. A yi da'ira, Jun-gu shugaban ɗalibai ya ciro jitarsa, a yi waƙa, a yi kuka, a ɗauki hoto, sannan a koma cikin bas mai ɗumi a ci taliyar leda. Kada a ce Boram ta fi su. Ita ma ta yi kukan, kuma da gaske ta yi, ta kuma samu maki mai kyau.

Farfesa Bong ne jagoransu, gajeren mutum mai tsofaffin takalma, wanda ya haddace ranar haihuwar kowane ɗalibi. Tun makon farko Boram ta ba shi labarin yayanta. Ya riƙe hannunta biyu ya yi mata addu'a har idonsa ya kawo ruwa, sannan ya ce ta yi haƙuri sai makon Ista, lokacin ne ake zuwa Kurmin Alkawari, filin da ake dasa itatuwan, a yi dashen shekara.

Awa shida suka yi a mota ranar Laraba ta makon, rabin tafiyar ba kwalta. Boram ta zauna kusa da taga tana neman kore. Abin da suka tarar fili ne mai shingen waya, da babban allo a ƙofa, da rumfar ajiya ta kwano, da bukkar mai gadi. Cikin shingen babu komai sai ramuka a jere da lambobi a kan turaku. Ta tambayi Farfesa ina itatuwan baya. Ya nuna gabas da haɓarsa ya ce suna wani filin, da nisa, hanyar ba ta biyuwa a wannan watan. Daga nan ya juya yana kiran a sauke kaya.

Mai gadin sunansa Gombo, dattijo ne mai fuska kamar tsohuwar jakar fata. Ya yi shekara shida a wata masana'antar roba a Koriya, don haka yana jin harshensu, irin na masana'anta, mai gajerun kalmomi ba ladabi. Ya raba musu shebur da diga bai dubi kowa ba. An riga an gargaɗe su cewa ƙasar nan a farkon Afrilu ƙanƙara ce, sai ga shi ramukan suna haƙuwa kamar garin tuwo. Ɗalibai suka yi ta mamaki. Jun-gu ya ɗaga shebur sama ya ce Allah ya riga su zuwa ya tausasa musu ƙasa, kowa ya ce amin.

Boram 'yar gonar tuffa ce, ta san ƙasar da ba a taɓa haƙa ba. Wannan yashi ne iska ta cika tsohon rami da shi. Da ta kai taƙi biyu sai shebur ya bugi wani abu ya yi ƙara kamar ƙarfe, ta sa hannu ta ji ƙanƙara. A layi na tara aka sa ta. Ta ajiye shebur ta koma baya layi biyu, ta bi turakun tana ƙirga, har ta zo talatin da ɗaya. Jun-gu ne a durƙushe a wurin yana cusa sabon dashe, allon da ke rataye a wuyan dashen kuwa sunan wani dattijon coci ne daga birnin Daegu.

Ta ce a ranta wataƙila kowane fili da nasa layi na bakwai. Da wannan ta lallashi kanta har azahar, lokacin da aka aike ta rumfar ajiya ta ɗauko bokiti.

A bayan bokitan akwai buhun gari guda biyu a cike. Ta ture ɗaya da ƙafa ta ji ya yi ƙaran ƙarfe. Alluna ne, ɗaruruwa, wasu sun yi tsatsa, wasu har yanzu da igiyarsu. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a durƙushe tana juye su ba. A tsakiyar buhu na biyu ta same shi, Pyo Taegon, da lambar bakwai da talatin da ɗaya, da sunan cocinsu an rubuta shi da kuskure.

Gombo na tsaye a ƙofa. Bai yi mata faɗa ba, ya dai ce ta biyo shi. A bukkarsa ya zuba mata shayin madara mai gishiri, ya tura wasu busassun sanduna cikin murhu. Sai da ta kalli tarin sandunan a gefen ƙofa, duk tsawonsu ɗaya, duk da busasshiyar saiwa a ƙasa, sannan ta gane mene ne.

"Kawu, ina itacen wannan?" Ta nuna masa allon.

Ya karɓa ya duba lambar. "Shekara uku? Ya daɗe da dafa min shayi."

Ya faɗa mata sauran ba tare da ya sassauta ko kalma ɗaya ba. Babu wani fili a gabas, wannan ɗin ne kaɗai, shekara tara ke nan. Itace a ƙasar nan sai watan Mayu ake dasa shi, in ƙasa ta saki. Wanda aka sa a Afrilu, saiwarsa na kan ƙanƙara, kansa na cikin iska, kafin sati uku ya bushe a tsaye. Cikin ɗari ba a samun biyar, biyar ɗin ma rani ke ƙarasa su. Da kaka sai ya bi ya tuge, ya ajiye ramukan don 'yan baɗi. Ya faɗa wa Farfesa a shekarar farko, ya faɗa a ta biyu, a ta uku ya lura albashinsa ba ya canzawa ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Ta tambaye shi me ya sa ba a jira Mayu.

"Ni kike tambaya? Ku ne masu Ista. Dole hoto ya isa cocinku kafin Lahadi, ranar da mutuminku ya tashi. Shi ya tashi, waɗannan ba sa tashi."

Ta tambaye shi ko na yayanta ya taɓa yin ganye, ko sau ɗaya. Ya girgiza kai. Ya ce alluna kam ba ya zubarwa, domin a wurinsu ba a jefa sunan mutum a juji, ko da baƙo ne. In tana so ta tafi da nata.

Ta samu Farfesa Bong a bayan bas yana duba hotunan safe a kyamara. Da ya ga allon a hannunta bai yi musu ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo, don ta zo da shirin faɗa. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce ya sani, ya daɗe da sani. Ya taɓa roƙon a mayar da dashen Mayu, aka ce masa a Koriya biyar ga Afrilu ce ranar dashen itace tun kaka da kakanni, ga Ista a kusa, a lokacin ne zukatan mutane ke buɗe. A Mayu wa zai kalli hoton itace, kowa na hidimar ranar yara da ranar iyaye. In hoto bai zo ba babu sunaye, in babu sunaye babu shirin, in babu shirin ita kanta ba za ta zo nan ba.

"Boram, abin da muke dasawa a nan ba itace ba ne. Ku ne. Cikinku mutum ɗaya ya koma gida ya canza, ai an ci riba."

"Mama ba ni ta bayar a dasa ba, Farfesa. Itace aka ce mata."

Sai ya tambaye ta a hankali, da muryar da ya yi mata addu'a da ita a makon farko, ko tana ganin gaskiyar nan za ta amfani mahaifiyarta da wani abu. Ya ce wani lokaci a bar kaza cikin gashinta shi ne ƙauna. Boram ta tsani maganar, ta juya ta koma bakin aikinta.

Da la'asar aka gama layin ƙarshe, aka yi da'irar da aka saba a tsakiyar filin. Kowa ya faɗi abin da ya ji. Wata ta ce da ta riƙe dashen ta ji kamar jariri. Jun-gu ya ce nan da shekara ashirin zai kawo 'ya'yansa su zauna a inuwar layi na bakwai. Da aka zo kan Boram sai ta miƙe, allon na cikin hannunta. Ta yi niyyar faɗa musu duka, buhunan, da murhun, da ramukan da suka yi wa godiya. Ta ce yayanta na da itace a nan, ta ce yau ta gano inda yake, sai muryarta ta karye.

Kowa ya san labarin Taegon. Kafin ta haɗiye kukan ta ci gaba, har sun taso sun kewaye ta. Hannu goma sha bakwai a kanta da kafaɗunta da bayanta. Jun-gu ya kira sunan Ubangiji sau uku, suka amsa, sannan kowa ya ɓarke da tasa addu'ar da ƙarfi a lokaci guda, yadda ake yi a cocin Koriya in abu ya kai maƙura. Ta ce musu itatuwan sun mutu. Ta sake faɗa da ƙarfi, ta ce an ƙone su, ta ce naku ma za su mutu. Ko ita ba ta ji muryarta ba. Wanda ke kusa da ita ya ga bakinta na motsi ya ɗauka addu'a take yi, ya ƙara matse mata kafaɗa. Ta cikin hannuwan ta hango Farfesa Bong a waje da da'irar, idonsa a rufe, bakinsa ba ya motsi. Minti goma aka yi. Da aka ce amin kowa ya rungume ta, wasu suka ce ba su taɓa jin saukar Ruhu irin ta yau ba.

Bayan wannan ba ta sake gwadawa ba. Ba tsoro ba ne, gajiya ce.

Washegari da safe, ana loda kaya, ta tafi layi na bakwai ita kaɗai. Jun-gu ya dasa abin a karkace, ya ɗaure shi da turke kamar mai ɗaure akuya. Ta kwance, ta miƙar da shi, ta taka ƙasar gindin da diddige. Ta sake ɗaure shi yadda aka koya mata tun tana 'yar shekara bakwai, igiya ta zagaya turke, ta gitta a tsakiya, ta zagaya itace, don kada ɓawo ya goge. Ta cire allon dattijon Daegu ta rataya na Taegon. Ta kwanta rub da ciki ta ɗauki hoton daga ƙasa don ya yi tsawo. Allon dattijon ta kai rumfa ta jefa cikin buhu. Na Taegon kuwa ta bar shi a wuyan dashen, domin wata wawuyar zuciya ta ce mata ko wannan zai shiga cikin biyar ɗin.

Sun dawo inda waya ke kamawa tun ran Alhamis, amma sai ran Asabar ta tura hoton, ta rubuta a ƙasa, ga shi nan lafiya lau, Mama.

Lahadi da rana, bayan sujadar Ista, suna cikin cin dafaffen ƙwai, wayarta ta yi ƙara. Ta fita bakin matakala ta ɗauka. Mahaifiyarta ta fara da tambayar ko tana cin abinci, ko sanyi ya ragu. Sannan ta ce jiya da hoton ya shigo ba ta sa tabarau ba, murna ta sa ta tura wa matar fasto nan take. Yau an haska shi a babban allon coci, ya cika bango. An kira ta gaba, an tafa mata. Kafin a tashi mata goma sha ɗaya sun ba da sunayen mamatansu don dashen baɗi.

"A bangon ne na gan shi da kyau," in ji ta. "Ƙullin igiyar nan, ƙullina ne."

Boram ta zauna a kan matakala, uwar ta ci gaba.

"Ƙullina ne, ba wanda ke yin sa haka sai ni da ke. Kuma kan itacen, yankan almakashi ne na bana, ko warkewa bai yi ba. Shekara talatin ina wannan aikin, Boram, za ki kwanta a ƙasa ki ɗauko min hoton sanda."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaya a wane wata suke dasawa a can. Boram ta ce farkon Afrilu. Uwar ta tambaya ko ƙasa ta saki a lokacin. Boram ta ce ba ta saki ba. Boram na jin ƙarar firij ɗin gidansu ta cikin wayar. Uwar ba ta tambayi abin da ya samu itacen farko ba, mai irin aikinta ba ta buƙatar a faɗa mata.

"Shi ke nan," ta ce daga baya. "Ba na son hoto kuma. Allon nan dai ki dawo min da shi gida. Yayanki ba ya son sanyi, kin sani. Kada ki bar sunansa a can. Yana wurinki ko?"

A jikin bangon matakalar an manna jadawalin sauran zangon. Akwai ziyarar gidan dawakan daji, da ta masana'antar ulu, da kwana biyu a bakin wani tafki. Babu Kurmin Alkawari, ba a komawa can sai 'yan baɗi. Allon na nesa da ita awa shida, yana kaɗawa a wuyan sandar da za ta bushe kafin ƙarshen wata. Da kaka Gombo zai tuge ta ya kai murhu, ya mayar da sunan cikin buhu. A cikin ɗaki Jun-gu ya fara gyara jita, ana kiran a taru a yi godiya.

"Yana cikin jakata, Mama," in ji Boram.

Wannan karon muryarta ko rawa ba ta yi ba.